Dogon layi ranar zaɓe: wai lissafi zai iya rage tsayuwar nan?

Maryam: Assalamu alaikum jama'a. Akwai abin da ke damuna tun zaɓen da ya wuce, na ce bari dai in kawo shi ko wani zai fahimtar da ni. Ni na raka mahaifina rumfar zaɓe, mun isa tun kafin a buɗe amma wlh sai da muka kwashe awa huɗu kafin ya dangwala, ga shi yana fama da ciwon gwiwa har sai da na je na aro masa kujera. Abin da ya fi tsaya min a rai ma ba gajiyarmu ba ce, mutanen da na ga suna fita daga layi suna tafiya ne. Wata mai goyo da ke gabanmu ta yi awa biyu da rabi a tsaye, yaron ya yi ta kuka har muryarsa ta dushe, sai ta juyo ta ce min ita kam ta haƙura, ta jefa katinta a jaka ta wuce, kuma har muka bar wurin ban ga ta dawo ba. Da na leƙa ciki ban ga ma'aikatan suna wasa ba, aiki suke ba ɗaga kai. To in ba lalaci ba ne mene ne? Yawan mutane ne kawai, shikenan haka za a yi ta yi?

Malam Habu: Wa alaikumus salam 'yata, Allah ya ƙara wa mahaifinki lafiya. Ni dai na daɗe ina zaɓe, abin da na gani shi ne rashin bin layi. Kana tsaye tun asuba wani zai zo da hantsi ya kutsa gaba don ya san wani. Da kowa zai tsaya inda ya tarar da layi da ba a kai haka ba.

Injiniya Sadiq: Baba Habu Allah ya ƙara girma, kutse zalunci ne ba shakka, amma ba shi ke tsawaita layi ba. In mutum ya tsallake goma ya shiga gaba, lokacin mutum goman nan ya ƙwace, amma adadin waɗanda teburin ke sallama a awa ɗaya yana nan yadda yake. Tambayar Maryam akwai ilimi guda da ya amsa ta fiye da shekara ɗari, lissafin layi ake ce masa. Wani masanin lissafi ɗan ƙasar Denmak mai suna Erlang ne ya fara shi a 1909, yana aiki a kamfanin tarho na birnin Kopenhagen, damuwarsu a lokacin ita ce wayoyi nawa da ma'aikata nawa za a tanada don kada masu kira su yi ta jira. Yau da lissafin nan ake tsara bankuna da asibitoci da filayen jirgin sama. Abu uku kawai yake tambaya: mutum nawa ke zuwa a awa, minti nawa kowane mutum ke ci a gaban tebur, teburi nawa ke aiki. Bari in ba da misali da lambobi don a gani. A ce tebur ɗaya ne ke tantancewa, kowane mutum yana cin kusan minti 2, kenan ƙarfin teburin mutum 30 a awa. In mutum 15 ke zuwa a awa, jiran da lissafin ke bayarwa minti 2 ne. In 24 ne, minti 8. In 27 ne, minti 18. In ya kai 29, minti 58. Ku duba fa, daga 27 zuwa 29 mutum biyu kacal aka ƙara a awa amma jiran ya ninka fiye da sau uku.

Ummi: Yaya Sadiq tsaya tukuna ni ban gane ba. Tebur yana iya 30, masu zuwa 27 ne, ai ba su ma cika shi ba, to daga ina layin ya fito har da minti 18?

Injiniya Sadiq: Yauwa ƙanwata, nan ne gaɓar. Da a ce mutane suna zuwa ɗaya bayan ɗaya duk bayan minti biyu da 'yan sakanni kamar an saita agogo, kuma kowa minti 2 cif yake ci, da ba layi ko kaɗan. Amma ba haka mutane ke zuwa ba, za a yi minti biyar ba kowa sai ga mota ta sauke mutum takwas a tare. Minti biyar ɗin nan da ma'aikaci ya zauna hannu rabbana ya tafi kenan, ba a ajiye shi don a yi amfani da shi anjima, amma mutum takwas ɗin nan suna nan tsaye dole a sallame su. Haka wani zai gama a sakan arba'in wani kuma a yi minti shida ana neman sunansa. To in teburin yana da rara sosai zai cinye tarin nan da sauri, in kuma dama a maƙure yake to kafin ya rage wannan wani tarin ya iso.

Malam Habu: Na ji bayaninka ɗana kuma ya shige ni, sai dai ka rage wa maganar kutse nauyi. In rigima ta tashi a bakin tebur aiki tsayawa yake cak, na ga inda aka yi kusan rabin awa ana cacar baki ba a sallami ko mutum ɗaya ba.

Injiniya Sadiq: Wannan gaskiya ne Baba, na karɓa. Rabin awar nan a teburin misalinmu mutum 15 ne aka rasa, kuma sai ta bi layin har yamma.

Anti Binta: Ni bari in faɗa muku abin da idona ya gani don na taɓa zama a wancan ɓangaren teburin, sau biyu ina aikin zaɓe. Maryam kin yi mana adalci da kika ce ba wasa muke ba, wlh ko ruwa mantawa muke mu sha. Amma lokacin yana tafiya ne a wasu ƙananan abubuwa da na waje ba ya gani. Tsoho zai ɗora yatsa a na'ura ta ƙi karantawa don zanen yatsan ya shafe da aiki, ka goge gilashin da gefen mayafi, ka ce ya goge hannu, ya sake ɗorawa, ta ƙi, a canza yatsa, duk wannan mutum ɗaya ne fa. Sai kuma a zo neman suna a rajista ta takarda, shafi ya fi talatin, sunaye masu kama da juna sun cika shafi guda, kana bi da yatsa layi layi jama'a na maka ihu. Wani sai ya iso gaban tebur sannan zai fara laluben katinsa a aljihu. Wani kuma bayan ya yi awa biyu a layi sai a tarar ba ma rumfarsa ba ce, ta can gaba ce, ranar na ga babban mutum ya kusa hawaye. A karo na biyu ne ɗaya daga cikinmu ya yi dabara, ya riƙa bin layi yana duba katin kowa tun daga nesa, yana rubuta lambar shafin da sunan mutum yake a 'yar takarda ya miƙa masa, wanda ba nan ya kamata ya zo ba a faɗa masa tun da wuri. In mutum ya iso sai kawai in buɗe shafin. Ban auna da agogo ba amma ni da ke zaune na ji bambancin a jikina, kafin azahar layin ya karye.

Injiniya Sadiq: Anti wannan abokin aikin naku ya yi lissafin layi ko da bai san sunansa ba. Mu koma misalin, mutum 27 a awa, jira minti 18. In aka rage sakan 20 kacal a kan kowane mutum, daga sakan 120 zuwa 100, ƙarfin teburin ya koma 36 a awa, jiran kuma ya sauko minti 5. Sakan ashirin fa, wanda a ido ba komai ba ne. In kuma tebur na biyu aka ƙara mutanen suna bin layi ɗaya, jiran zai koma kusan rabin minti kacal.

Malama Hadiza: Injiniya lambobinka daidai ne amma bari in ɗan ja birki kada a ɗauka haka abin yake ranar zaɓe sak. Wancan lissafin yana ɗauka cewa mutane suna zuwa da yawa iri ɗaya tun safe har dare kuma an daɗe ana yi har abin ya daidaita. Ranar zaɓe ba haka take ba, akwai lokacin da ake turuwa, galibi da safe ko bayan an tashi aiki, kuma a lokacin masu zuwa sun fi ƙarfin teburin gaba ɗaya. A nan ba a ma buƙatar wani lissafi mai zurfi, ɗebewa ce ta 'yan firamare. Tebur na sallamar 30 a awa, mutum 50 ke zuwa a awa, duk awa mutum 20 ke taruwa. Bayan awa uku akwai mutum 60 a tsaye, na ƙarshensu awa biyu zai yi. To ga abin da mutane ba sa lura da shi, ko da zuwan ya ragu ya koma 20 a awa, rarar teburin 10 ce kawai a awa, kenan sai an yi awa shida kafin tarin safe ya ƙare. Shi ya sa makarar buɗe rumfa ta fi komai illa. In kayan aiki suka iso a makare da awa biyu, ba awa biyu kaɗai aka yi asara ba, duk wanda ya zo ranar sai ya biya bashin nan. Kuma shi ya sa nake jin haushin tsarin da ake yi da matsakaicin lissafi na yini guda, a ce tebur na iya 30 a awa, awa goma 300, ana sa ran mutum 300, shikenan ya isa. A takarda ya isa, a fili kuwa an shirya dogon layi tun kafin gari ya waye.

Maryam: Malama wlh abin da ya faru da mu kenan, an fi awa ɗaya ba a fara ba, kafin a fara layin ya zagaye gini.

Nura: Ni fa duk wannan lissafin ban ce ƙarya ba ne, amma kuna magana kamar masu shirya zaɓe ba su sani ba ne. Sun sani. Wani lokacin dogon layi ba kuskure ba ne, hanya ce ta rage ƙuri'un wani yanki ba tare da an taɓa akwati ba, ka rage musu rumfuna ka ba su na'ura ɗaya, rana da yunwa su yi maka sauran aikin. Ko a Amurka da ake ganin sun ci gaba, a zaɓen fidda gwani na watan Maris 2016 gundumar Maricopa a jihar Arizona ta rage wuraren zaɓe daga 200 zuwa 60, mutane suka yi awanni a layi wasu har cikin dare. Kuma akwai binciken da aka yi da bayanan wayoyin salula a kan zaɓen 2016 na ƙasar, aka gano mazauna unguwannin baƙaƙen fata zalla sun jira fiye da na unguwannin fararen fata zalla da kashi 29 cikin 100. To wannan rashin sanin Erlang ne? Ba lissafi ya yi ƙaranci ba, niyya ce.

Malama Hadiza: Nura ban musa maka cewa hakan na iya faruwa ba, amma ka lura da abin da ka yi yanzu, da lambobi ka kafa hujjarka. Su jami'an Maricopa cewa suka yi tsimin kuɗi ne kuma sun zaci yawanci za su yi zaɓe ta gidan waya, ko ka yarda da su ko kada ka yarda, abin da ya tona kuskuren shi ne raba yawan masu zaɓe da yawan wurare. In kana zargin an yi wa yankinku da gangan, ihu ba zai kai ka ko'ina ba, amma in ka zo da takarda ka ce rumfar can mutum kaza ga na'ura ɗaya, tamu ninki biyu ga na'ura ɗaya, kuma ga awannin da aka jira, to ka ɗaure su. Lissafin nan makamin mai ƙorafi ne kamar yadda yake kayan aikin mai shiryawa.

Nura: Na ji Malama, amma ina nan a kan bakana cewa ko an kai musu takardar in ba niyya ba za su duba ba.

Kabiru: Ni tawa tambayar ta kuɗi ce. Injiniya yana ta cewa a ƙara tebur a ƙara na'ura, wa zai biya? Kuma da yamma in layi ya ƙare za ka ga ma'aikata biyar zaune suna hira, ai ɓarna ce.

Injiniya Sadiq: Abokina zaman da kake gani da yamma shi ne farashin rashin layi da safe, ba a samun ɗaya sai da ɗayan. Motar kashe gobara yawancin kwanakinta a ajiye take, ba wanda ya ce a sayar da ita. Amma kuma ban ce a ƙara komai a ko'ina ba, abin da nake cewa a nemo inda ya shaƙe tukuna. Rumfar zaɓe ba tebur ɗaya ba ce, matakai ne a jere, tantancewa, karɓar takardar ƙuri'a, shiga kewayen sirri a dangwala, jefawa a akwati. Kamar mazurari ne, komai faɗin bakinsa ƙasan ne ke yanke yawan abin da zai wuce. In kewayen dangwala ɗaya ne kuma mutum na cin minti 3 a ciki, mutum 20 kawai za su wuce a awa, ko ka kawo na'urar tantancewa goma ba abin da zai ƙaru sai dai layin ya tashi daga waje ya koma ciki. Ƙara kewaye na biyu wanda bai wuce kwali da tebur ba ya kai ka 40 a awa, daga nan sai matsalar ta koma kan tantancewa mai 30. Sau da yawa maganin mai arha ne in an san inda ciwon yake. Sannan rabon kayan ma, ana yawan raba wa kowace rumfa daidai wa daida a ce adalci ne, alhali wata mutanenta sun ninka na wata, wata kuma tsofaffi sun fi yawa a cikinta. Da kayan da ake da su a hannu in aka raba bisa nauyi sai a rage jira ba a kashe ƙarin ko sisi ba.

Ummi: To ni yanzu in na je na tarar da layi akwai yadda zan san awa nawa zan yi? Don wani lokacin rashin sanin ne ke sa mutum ya karaya.

Malama Hadiza: Akwai 'yata, kuma mai sauƙi. Ƙirga mutanen da ke gabanki, sannan ki tsaya minti goma ki ƙirga nawa suka fito bayan sun gama. In mutum 5 suka fito a minti goma, 30 kenan a awa, in akwai 90 a gabanki to awa uku ke jiranki. Ƙa'idar da ta haɗa yawan mutanen layi da saurin wucewarsu da tsawon jira wani masani John Little ne ya tabbatar da ita a 1961, har yau da sunansa ake kiranta, kuma kyanta shi ne ba ruwanta da irin layin, na banki ne ko na asibiti ko na zaɓe.

Ummi: Kai amma na ji daɗin wannan, kenan ma'aikaci ɗaya zai iya rubutawa a allo duk bayan rabin awa cewa daga nan jira kusan minti kaza ne, mai uzuri ya je ya dawo.

Anti Binta: Ƙwarai kuwa, kuma yana kwantar da hankali. Mutum in ya san awa ɗaya zai yi yana iya daurewa, wanda bai san ranar fita ba shi ke fara faɗa.

Injiniya Sadiq: Akwai wani abu kuma da ba ya cin kuɗi, layi ɗaya ga teburi da yawa maimakon kowane tebur da layinsa. A ce teburi biyu ne, mutum 54 a awa. In aka raba su layi biyu kowanne 27 kuma ba mai canza layi, jira minti 18 ne kamar ɗazu. In layi ɗaya ne duk teburin da ya gama ya kira na gaba, jiran bai kai minti 9 ba. Dalili shi ne a layi biyu sai ka ga tebur ɗaya ya maƙale da mutum guda mai matsala duk na bayansa sun tsaya, ɗayan kuma wani lokacin ba kowa a gabansa. Matsalar ita ce in rajistar takarda ce aka raba ta gida biyu bisa haruffa, dole kowa ya je teburin da sunansa yake, kuma haruffa ba su da yawan sunaye iri ɗaya, sai layi ɗaya ya yi tsawo ɗayan ba kowa. In kowane tebur na da cikakkiyar rajista ko ta na'ura ce to an huta.

Malam Habu: A nan kam ina da ja. Layi ɗaya zai ninka tsawo, mutum ya hango shi daga nesa sai ya juya gida, bai san yana tafiya da sauri ba. Ido ba ya lissafi ɗana.

Malama Hadiza: Baba ya faɗi gaskiya, kuma masu wannan ilimin sun san da haka, har sun bambanta wanda ya ga layi ya ƙi shiga da wanda ya shiga ya gaji ya fita kamar mai goyon da Maryam ta ba da labari. Abin takaicin shi ne duka biyun ba sa shiga kowane lissafi na hukuma, gobe za a ce mutane ba su fito ba alhali sun fito layi ne ya kore su. Kuma ba kowa layi ke kora daidai ba, mai aikin yini da in bai je ba ba abin kai wa gida, mai jego, mai ciwo, su ne ke fara tafiya. Shi ya sa allon da Ummi ta faɗa yake da amfani tare da layi ɗayan.

Maryam: To batun a ba tsofaffi da masu ciki da masu naƙasa hanya su fara fa? Ba zai ƙara wa sauran jira ba?

Malama Hadiza: Zai ɗan ƙara wa sauran, amma jimillar jiran ba ta canzawa in dai lokacin sallamarsu kusan ɗaya ne, an dai ɗauke nauyin daga wanda ba zai iya ba an ɗora wa wanda zai iya. Ni ina goyon bayansa ɗari bisa ɗari, sai dai a sanar tun farko kuma a yi shi da tsari, misali ɗaya daga layin masu uzuri bayan kowane uku, don kada babban layin ya tsaya cak mutane su harzuƙa.

Nura: Abu ɗaya da nake tsoro a wannan magana ta rage sakanni, kada garin sauri a sassauta tantancewa. Gara in yi awa uku in san ƙuri'ata ba ta haɗu da ta bogi ba.

Anti Binta: Nura ba wanda ya ce a taɓa tantancewa, sakannin da muke magana na laluben kati ne da neman shafi da batirin da ya mutu ba na canji. Wlh ranar da na'urarmu ta ɗauke minti arba'in muka yi muna kallon juna ana neman inda za a yi caji, wannan ba tsaro ba ne rashin shiri ne, ba a fafe gora ranar tafiya. Wani abin kuma da ke cin lokaci shi ne mutum ya shiga kewaye sannan ya fara nazarin takardar yana neman alamar da yake so. Da za a manna samfurin takardar babba a bango inda masu layi ke gani, kafin ya iso ya riga ya san inda zai ɗora yatsa.

Injiniya Sadiq: Tsawon takardar ƙuri'a ba ƙaramin abu ba ne Anti. A zaɓen Amurka na 2012 jihar Fulorida ta sha dogayen layuka, takardarsu na ɗauke da gyare-gyaren tsarin mulkin jiha har 11 da mutum zai karanta, ga shi an rage kwanakin da ake ba mutane su yi zaɓe kafin ainihin ranar zaɓe daga 14 zuwa 8, wato an ƙara lokacin kowane mutum an kuma matse masu zuwa a kwanaki kaɗan, duka biyun da lissafin ya hana. A can ne wata tsohuwa mai shekara 102, Desiline Victor, ta yi awanni a layi har Obama ya ambace ta a jawabinsa ga majalisa a 2013. Ya kafa kwamiti, a Janairun 2014 kwamitin ya ba da shawarar kada wani mai zaɓe ya jira fiye da minti 30. Amfanin sa lamba irin wannan shi ne daga ita ake lissafi a koma baya, in minti 30 ne iyaka kuma ana sa ran mutum kaza a awar turuwa, to teburi nawa da kewaye nawa ake buƙata. Masana na jami'o'in MIT da Caltech har manhajar lissafin suka sa a intanet kyauta don jami'an zaɓe. Indiya kuma ta bi ta wata hanyar, ta ƙayyade yawan masu zaɓe a kowace rumfa, a da 1,500 ne, a 2025 hukumar zaɓensu ta rage zuwa 1,200.

Kabiru: To wanda lokacin rufewa ya cim masa yana kan layi fa?

Malama Hadiza: Ya danganta da dokar ƙasa. A Birtaniya a zaɓen Mayu 2010 an rufe ƙofa ƙarfe 10 na dare mutane na kan layi, hukumar zaɓensu ta ƙiyasta aƙalla mutum 1,200 ne suka rasa damar, sai a 2013 aka gyara doka cewa duk wanda ke kan layi a lokacin rufewa zai yi zaɓe. Gyaran ya yi kyau amma bai rage layin ba, ya dai hana a kori mutum.

Maryam: Na gode muku sosai, yanzu na gane inda awa huɗunmu ta tafi. In Allah ya kai mu wani zaɓen ina so in rubuta abin da ya faru a rumfarmu da lambobi, me da me zan lura da shi?

Malama Hadiza: Ki tafi da ƙaramin littafi da biro. Rubuta lokacin da ya kamata a buɗe da lokacin da aka sallami mutum na farko. Duk cikar awa ki ƙirga mutanen da ke layi. Ki zaɓi kamar mutum ashirin a lokuta daban daban ki auna da agogon waya sakan nawa kowanne ya ci a teburin tantancewa, nawa kuma a kewaye, daga nesa fa ba tare da kin matsa kusa da inda ake dangwala ba. In za ki iya, ki ba na ƙarshen layi 'yar takarda da kika rubuta lokaci a kai, ki roƙe shi ya dawo miki da ita in ya gama.

Anti Binta: Ki ƙara da duk lokacin da aiki ya tsaya da dalilinsa, na'ura ce ko rigima ko takardu ne suka ƙare, da minti nawa aka yi. Kuma ki fara gaida shugaban rumfar ki faɗa masa abin da kike yi kafin ki fito da littafin, don in suka ga mutum na rubuce-rubuce ba bayani hankalinsu tashi yake.

Nura: Ki ƙirga waɗanda suka fita daga layi ba su dawo ba ma Maryam, ni wannan lambar nake so in gani.